Lambun gida: a daina tura mutane shuka tumatir a bazara

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Dan Allah ka ɗan bani fili in ce wani abu akan maganar nan ta lambun gida da ake ta yayatawa, domin inaga ana yiwa mutane nasiha rabi da rabi, kuma rabin da ake barin ɗin shine mai amfanin.

Tun da tumatir yayi tashin gwauron zabi a 2024, wajen watan Mayu zuwa Yuni lokacin da aka riƙa jin babban kwando ya haura naira dubu 100 a kasuwar Mile 12 ta Legas, mu nan Kano ma in ka shiga 'Yankaba sai dai ka taya kayi gaba, toh tun daga nan kowa ya zama malamin gona. Facebook da TikTok ko ina bidiyo ne, a nuno maka buhu uku tumatir yayi jajir a jiki, ace kaga shikenan ka huta da cefane. Har uwargidan shugaban ƙasa ta saka gasar lambu a gida. Kuma ba yau aka fara ba, iyayenmu suna bada labarin shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 da aka ce kowa ya noma bayan ɗakinsa harda makarantu da bariki, Shagari ma ya zo da nasa a 1980. Ni ban ƙi ba wallahi, ina da lambuna a tsakar gida shekara da shekaru kuma ina cin moriyarsa. Abun da yake damuna shine ana kiran mutane su shuka tumatir daidai lokacin da tumatir baya yi, su sayi iri su sayi taki su yi ta ɗibar ruwa, ƙarshe ganye ya nannaɗe fure ya zube ko ɗa ɗaya babu, sai mutum yace ai dama ƙarya ce ya watsar da buhunan, kuma ba zai ƙara sha'awar shuka komai ba.

Ai tsadar ma da dalilinta. Tumatirin da muke ci yawanci na noman rani ne, irin na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam da ake bayi da ruwan dam ɗin Tiga wanda aka gina zamanin Audu Bako. Suna zuba iri ne in damina ta ja baya, wajen Satumba zuwa Oktoba, suyi dashe, sanyin hunturu ya raine shi, daga Disamba zuwa Maris kaje kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan kaga kwanduna har ba masaka tsinke, wani lokacin yayi arhar da manomi gara ya yanka ya shanya a bakin titi yayi kauɗa da ya biya kuɗin mota. Da zarar zafin Afrilu ya shigo, rana tana kai maki 40, tumatir zubar da fure yake, ko yayi furen baya ɗaurewa. Damina kuma ta zo da nata, ganye ya riƙa ƙonewa daga ƙasa, 'ya'yan su ruɓe tun suna ɗanyu. Ga tsutsar nan sharon da ta cinye gonaki a 2016 har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta ɓaci akan tumatir, ita kuma lokacin zafi ta fi ƙarfi. Toh manomin da ya gaji abun kaka da kakanni yana da injin ban ruwa da magani bai iya da bazara ba, sai ni da buhun siminti a kan daɓe? Amma duk shekara sai an bari Mayu tayi, kowa ransa a ɓace da farashi, sannan a fara cewa ku shuka tumatir.

Ni shawarata ga 'yan uwana mata, da mazan da cefane ya isa, a fara da ganye. Alayyafo shine na farko, baya da fushi, rani da damina duk yana yi in dai zai samu ruwa da rana. Ki samu buhun shinkafa ko na siminti da aka wanke, ki naɗe bakinsa ya dawo kamar rabi, ki huda gindin wuri biyar shida saboda ruwa ya riƙa tsiyaya, ki haɗa ƙasa da ɗan yashi da ruɓaɓɓen taki ki cika. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai baƙaƙe masu sheƙi, in kika watsa shi haka nan zai taru wuri ɗaya ya fito cunkus, sai ki cakuɗa shi da busasshen yashi cikin tafin hannu sannan ki yafa, ki ɗan shafa ƙasa a kai da yatsu, kar ki binne shi da zurfi ba zai iya fasowa ba. Ruwan farko da hannu ake yayyafawa ko da gwangwanin da aka hudawa gindi, in kika kwara da kofi duk irin zai gudu gefe ɗaya. Kafin sati zaki ga ya fito ja-ja siri-siri, sati uku zuwa huɗu kin fara yanka. Kuma yanka nace ba tugewa ba, masu kawowa kasuwa ne suke tugewa da saiwa saboda zasu sake zuba wani, ke ki sa wuƙa ki bar kamar tsawon yatsa huɗu daga ƙasa, zai sake tofo da rassa biyu uku, a buhu ɗaya sai kiyi yanka uku ko fiye kafin ya tsufa ya fara kai. In ya fara, ki bar guda biyu masu kyau su bushe a tsaye, ki murje kan a faranti ki sheƙe, kin samu irin da zai kai ki wata shekara harda na ba maƙwabta. In kina so kar ya yanke miki, kar ki zuba buhunan duka rana ɗaya, ki riƙa bada tazarar sati biyu tsakani.

Sai zogale, wanda ni a ganina gidan da yake da ko taku biyu na ƙasa bashi da uzurin rashinsa. Ana shuka ƙwallon, ana kuma dasa reshe ya kama. Kuskuren da nake gani a gidaje shine a barshi yayi ta tafiya sama har ya wuce katanga, ganyen yana can ƙololuwa sai an sa gora, ƙasa kuma sanda ce tsirara. In ya kai ƙirji a datse kan, zai yi rassa ta gefe, duk sanda aka ɗiba a ƙara datsewa, sai ya zama dai-dai hannu. Kwaɗo, dambu, miya, a dafa da ƙuli da albasa a ba yara, kuma in yayi yawa a shanya a inuwa ba a rana ba saboda kar ya koɗe.

Da damina kuwa ai abun sai wanda ya ƙi. Rama, yakuwa, lalo, karkashi, kuɓewa, kabewa, duk namu ne na gida sun saba da ƙasar da ruwan, basa neman wani maganin kanti. Irin lalo yana da taurin kai, in an zuba shi haka sai ya daɗe bai fito ba, ana ƙulle shi a tsumma a tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan a cire a shanya ya sha iska sannan a yafa. Kuɓewa kuma a jiƙa irin ya kwana, a sa biyu biyu a rami, wajen wata biyu ta fara bada 'ya'ya, kuma daga nan kar a yi mata nisa, duk bayan kwana biyu a zagaya da wuƙa, in aka bari ta kwana huɗu biyar ta ƙosa ta zama itace ba ta yankuwa, sannan uwar ma sai ta rage haihuwa tunda tana ganin ta gama aikinta. Tushe goma na kuɓewa sun ishi ƙaramin gida miya, rarar a yayyanka a shanya a daka, ga busasshiya ta rani. Kabewa dai a yi shawara da maƙwabci tukuna, domin bata san iyaka ba, zata haura katanga taje ta haihu a rufin ɗakin wani, na ga inda aka yi sati ba a gaisawa akan kabewa guda. Daddoya da na'a-na'a ko a fasasshen bokiti suna yi. Albasar da ta tsiro a kicin kar a yar, a dasa ta a samu lawashi.

Maganar taki, ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, da yawa sun kashe lambunsu da shi suna zaton gata suka yi. A tara shi gefe a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa sai ya huce ya daina wari yayi baƙi ya zama gari. Na awaki da tumaki ya fi sauƙi, kuma yawancin gidaje akwai ko a maƙwabta. Da can manoman kewayen Kano da jakuna da mangala suke shigowa birni su kwashi shara su kai gona, kuma taki ne mai kyau saboda toka ce da kashin dabbobi da ragowar abinci, amma bolar yanzu leda ce da batir da fasassun kwalabe da pampas, ni bana ba kowa shawarar ya ɗebo ta ya zuba a abun da zai ci ganyensa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, ruwa. Masu bidiyo basa taɓa faɗin wannan. Unguwanni nawa ne famfo yake zuwa? Yawancinmu a hannun 'yan garuwa muke, ko rijiyar burtsatsen maƙwabci in an kawo wuta, kuma in zaki sayi jarka ki zubawa alayyafo toh gara ki sayi alayyafon. Lambun gida yana cin riba ne kawai in da ruwan da dama zubarwa za a yi ake bashi. Ruwan wankin shinkafa da wake, ruwan da aka wanke kayan miya, ruwan gasara, da uwa uba ruwan alwala, gida mai mutum takwas kowa yayi alwala sau biyar ai ba ƙaramin ruwa bane yake bin rariya. Ni baho na ajiye a inda ake alwala, kowa ya tsuguna a kansa, da yamma a juye a buhuna. Wanda ba a so shine ruwan omo da na bilic da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, yana kashe ƙasa a hankali, zaki ga saman ta yayi fari ganye yana ƙonewa ta baki. A bada ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa saboda rana kar ta shanye. Sannan buhun da aka ajiye kai tsaye kan siminti a watan Afrilu saiwar dahuwa take, a ɗora shi kan bulo ko katako, a jera su inda zasu samu ranar safe inuwar katanga ta rufe su da azahar. Wanda yasan ruwansa bai kai ba ya tsaya a buhu huɗu masu rai, ya fi ashirin da suke suma kullum.

In sanyi ya shigo, daga ƙarshen Oktoba, nan ne lokacin salak da kabeji da karas, kuma nan ne mai son tumatir zai gwada. Salak ma ya fi cancanta a shuka a gida fiye da komai saboda ɗanye ake cinsa, kuma duk wanda ya taɓa bin gefen rafin Jakara ya ga lambunan da ake bayi da ruwan kwatar gari, ban ce duk na kasuwa daga can yake ba amma in ya shiga faifan mai talla waye zai bambance. Yanzu da azumi yake faɗowa a ƙarshen sanyi, wanda ya zuba irin salak kamar wata biyu kafin a ga wata zai sha ruwa da nasa, yana ɓallar ganyen gefe yana barin tsakiyar tana ƙara fitowa. In zafi ya fara zai miƙe yayi tsawo yayi ɗaci, shikenan lokacinsa ya wuce. Karas ba a dasa shi, inda aka zuba nan zai zauna, kuma yana son ƙasa mai yashi mai zurfi, in ta yi tauri ko da tsakuwa sai ya fito da ƙafa biyu.

Tumatir shi kamar amarya yake, sai an yi ta lallashi. A zuba iri a ɗan fangali ko tsohon baho a Oktoba, in ya kai sati uku zuwa huɗu a cire da ƙasarsa a dasa da yamma, tushe ɗaya a buhu ɗaya ba uku ba, a kafa masa sanda a ɗaure da tsumma, ya samu rana sosai, ruwa kuma kullum dai-dai, in aka bari ya bushe yau gobe aka cika shi toh 'ya'yan zasu tsage ko gindinsu yayi baƙi. Masu matse tumatirin kasuwa su shanya irin, wani lokacin a dace wani lokacin a'a, saboda da yawa daga na kasuwa yanzu irin kamfani ne da ake haɗawa, jikansa baya kama da kakansa, gara a nemi irin Roma ko UTC a shagon kayan gona a duba kwanan watan da ke jikin fakitin. Amma a faɗi gaskiya, ko yayi kyau, buhu goma ba zasu riƙe gidan da ake ɗora tukunya sau biyu a rana ba, kuma zai nuna ne a Janairu da Fabrairu daidai lokacin da kwando yake arha a kasuwa. Dan haka ni a wajena dabarar tumatir ba a lambu take ba, a sayi kwando lokacin arha, a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta ko a markaɗa a tafasa ya ƙafe a zuba a kwalabe a sake dafa kwalaben, shine zai kai mutum Yuni. Attaruhu da barkono sun fi shi amfani a buhu, suna jinkiri kafin su fara amma tushe ɗaya in an kula dashi sai ya shekara yana bayarwa, kuma guda uku huɗu ake buƙata a miya.

Sai kwari da dabbobi. Akuya in ta shigo minti biyar ta isa, dan haka mai awaki a gida ya fara da shinge kafin iri. Kaji suna tona, ƙadangaru suna cinye tsiro tun yana ganye biyu, maganinsu tsohon gidan sauro da ya yage a rufa a kai har shukar tayi ƙwari, na ce tsoho fa, ba sabon da aka raba dan yara ba. Abun da yake bani tsoro shine yadda wasu suke ɗauko fiya-fiya ko Sniper su fesa a alayyafo yau jibi su yanka su dafa. Wannan guba ce, hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ma tun 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni saboda ɓarnar da yake yi, ba abun da za a kusanta da ganyen miya bane. A lambun da bai wuce buhu goma ba hannu ma ya isa, ki juya bayan ganye da safe ki tsince tsutsar ki cire ganyen da ya kamu. In darɓa ce ta yi yawa a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace a sa ɗan sabulun wanka kaɗan a yayyafa da yamma, a bari kwana biyu uku kafin a yanka kuma a wanke sosai saboda ɗaci. Toka ma ana barbaɗawa da safe lokacin da raɓa.

Wani abun kuma Malam Edita, gidajen namu ne suka canza. Gidan da muka taso akwai zogale da lalle da gwanda a bayan ɗaki, kabewa a kan danga, ba wanda ya kira shi lambu ma. Yanzu fili awon igiya ne a gine shi kaf, ɗan abun da ya rage a malale da siminti ko a sa intalok har bakin ƙofa, ruwan sama ma ya rasa inda zai shiga sai titi. Masu gini dan Allah ku riƙa barin ko taku uku a jikin katanga. Masu gidan haya kuma wasu da sun ga buhu sai suce za a jiƙa musu gini ko za a tara sauro, alhali sauro a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, kwatar da ta toshe a ƙofar gida ta fi buhun alayyafo tara shi, in an ɗora buhun a kan bulo an matsar dashi daga bango ba abun da zai samu ginin.

Roƙona gareku shine, shafin noma da kuke yi kusan duk akan masara da shinkafa da rabon takin gwamnati ne, mai buhu biyar a tsakar gida ba ya samun komai a ciki. Ku ware ko ɗan lungu ne a farkon kowane wata ku faɗa mana abun da ake zubawa a watan da wanda ba a zubawa, da Hausa yadda kowa zai gane. Masanan suna nan kusa, ga cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya da NAERLS mai wayar da kan manoma, ga hukumar bunƙasa noma ta jiha KNARDA a nan Kano, ga reshen cibiyar binciken kayan lambu a Bagauda, ku aika wakilinku ya tambayo su, kuma a bambanta, lokacin Jos ba ɗaya yake da na Sakkwato ko Maraɗi ba. Masu shagon iri su ma ku taya mu yi musu magana su riƙa ƙulla na ƙananan kuɗi, gwangwanin da suke sayarwa na mai kadada ne, mace mai buhu huɗu in ta saya rabinsa ma ba zata taɓa ba zai mutu a ajiye, musamman irin albasa da na salak da basa jure zafi. In da hali a fara shafin kafin Satumba saboda mutane su tanadi buhu da taki ya ruɓe kafin sanyi ya shigo.

Na gode da bani fili, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar. Wassalam.

Taku,
Mai karatu a kullum, daga Kano